Bindiga Ta Iso, Saiti Bai Iso Ba

Kwanakin baya wani ƙaninmu da ke zaune a Bagega ya turo mana bidiyo ta WhatsApp. Wata yarinya ce da ba za ta wuce shekara goma sha biyar ba, tana kwance rub-da-ciki a kan shimfiɗa, bindiga a kafaɗarta, idonta a kan wata 'yar takarda can nesa, kamar rabin tsawon filin ƙwallo. Ta yi tsit har ka ce barci ya ɗauke ta. Can sai ka ji tas, ƙarar da ba ta fi ta karyewar karan dawa ba. Sau biyar ta yi haka. Da aka matso da takardar, ramukan biyar sun haɗe sun zama kamar guda. A ƙasan bidiyon ya rubuto: "Yaya, wai wannan wasa ne? Ta ina ake farawa?"

Da farko dariya muka yi, amma ba ta yi nisa ba. Mutumin Bagega, ko Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, in ya ji ƙarar bindiga, 'ya'yansa yake fara ƙirgawa. A ce akwai inda yara ke zuwa harbi ranar hutu kamar yadda namu ke zuwa ƙwallo, abin sai ya zo wa kunne bambaraƙwai, wai namiji da suna Hajara. Duk da haka tambayar yaron tana da amsa, kuma amsar ta cikin tarihinmu ta ratsa. Mu dai sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, ta kuma koya mana cewa in abu ya ƙi aiki, a koma a duba yadda aka gina shi tun daga tushe. To bari mu koma.

Ɗan ƙaramin harsashi

Harsashin da yarinyar ke harbawa shi ake kira .22. Faɗinsa milimita 5.6, nauyin ƙwayarsa kuwa giram 2.6 kacal. Kwansonsa na tagulla ne, gindinsa yana da leɓe a kewaye kamar bakin faranti. A cikin leɓen nan ake shafa sinadarin da ke tayar da wuta, don haka allurar bindiga gefe take duka, saɓanin harsasan soja da ake dukan tsakiyarsu. Tunda dole leɓen ya zama mai laushi kafin ya lotsa, kwanson ba ya jure albarushi mai yawa. Wannan raunin ne ya zama albarkarsa: ƙararsa kaɗan ce, ba ya tokarin kafaɗa, ga shi da araha.

Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara ƙera irinsa a 1845, don masu kuɗi su riƙa harbin nishaɗi a cikin ɗaki. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya ƙara masa albarushi a 1857, sannan kamfanin Stevens ya fito da samfurin da ake amfani da shi har yau a 1887.

Yaƙi ne ya mayar da shi wasan jama'a. Tsakanin 1899 da 1902 Ingila ta gwabza da manoman Bowa a Afirka ta Kudu, ta kuma sha mamaki, don manoman da suka tashi da farauta sun fi sojojinta saiti. Da idon Turawan ya buɗe, sai aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na harbi don ma'aikata a 1901, da goyon bayan babban kwamandansu, Lord Roberts. Tunda ɗan harsashin ba ya buƙatar dogon fili, sai wuraren koyo suka bazu a makarantu da masana'antu da ƙauyuka. A 1903 ƙungiyar ta haɗe da wata ta ƙara girma. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, za mu dawo gare ta.

Yau ana wannan gasa a wasannin Olamfik a nisan mita 50, a durƙushe, a kwance, da kuma a tsaye. Da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 10.4 ne, kamar farcen ƙaramin yatsa. Na'ura ce ke auna inda harsashi ya ratsa, tana raba maki har zuwa 10.9. A gasar Faris ta 2024, Liu Yukun na Sin ne ya ci zinare a ɓangaren maza, Chiara Leone ta Suwizalan a ɓangaren mata.

Yadda mai koyo ke farawa

A ƙasashen da wasan ya kafu, mai koyo ba kasuwa yake fara zuwa ba. Kulob yake nema mai rajista, a ara masa bindiga, a haɗa shi da malami. Kafin ya taɓa harsashi sai ya haddace ƙa'idoji huɗu. Kowace bindiga a ɗauka a ɗure take. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi. Yatsa ba ya hawa kunama sai an gama saiti. Sannan dole ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa, domin ɗan harsashin nan da ake rainawa yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Shi ya sa ake tara tudun ƙasa a bayan takardun.

Daga nan sai kwanciya, don ita ce ta fi sauƙi. Ana koya masa ya ɗora nauyin bindiga a kan ƙashi maimakon tsoka, ya saki numfashi ya ɗan dakata, ya matsa kunama a hankali, kada ya ɗaga kai bayan harsashi ya fita. A kwanakin farko ba a damu ya sami tsakiya ba. Abin da malami ke dubawa shi ne ko harbi biyar sun taru wuri guda. Wannan darasi mun san shi a wurin aikinmu. Kuskuren da ke maimaita kansa iri ɗaya kullum, gyaransa minti biyar ne. Wanda ke zuwa yau nan gobe can, shi ke hana mai manhaja barci. In ramuka sun taru a hagu, murɗa madubi kawai za a yi su dawo tsakiya. In kuwa sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba, to gyaran a jikin mai harbin yake.

Sai littafi. Kowane mai gasa yana rubuta rana, da iska, da irin harsashin da ya sa, da inda kowane ya faɗa. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Harsashin gasa yana tafiya wajen mita 330 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti, kuma ba shi da nauyi, don haka iska 'yar kaɗan tana ture shi. Bindigar da aka daidaita a mita 50, in aka matsa zuwa mita 100, harsashinta yana sauka kusan taƙi guda. Mai koyo yana lissafa duk wannan. A taƙaice, ana tarbiyyantar da shi ya iya ba da bayanin kowane harsashi da ya fita daga hannunsa.

Bindiga a ƙasar Hausa

Mu ma mun san saiti, sai dai a kan baka da kibiya muka san shi. Har gobe shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa. A Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa.

Bindiga ta daɗe da shigowa. A Barno, Mai Idris Aloma yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka riƙa shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma ba ta yi yawa ba. Bature Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wajen yaƙar Gobirawa a 1826, bindigogin da ya gani ba su kai hamsin ba a cikin dubban mayaƙa.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin ana ɗura bindigar toka. A zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a daka, a zuba ƙarafa, a sake dakawa. Kafin a gama, ɗan baka ya saki kibau da yawa. In ruwa ya sauka kuwa, ta zama sanda. Ba banza ba aka laƙaba mata harba-ka-ruga. Ga kuma babbar matsala: cikin bututunta sumul yake, abin da aka ɗura yana fita yana karo da bango, ya nufi inda ya ga dama. Bindigar saiti tana da tsaga mai murɗawa a cikin bututu, wadda ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, juyin nan ne ke riƙe shi a kan hanya. Amfanin bindigar toka a fagen fama ya fi ƙarfi a ƙara da hayaƙi da firgita dawaki.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wasu sarakuna sun gane inda duniya ta dosa. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi ta hanyar Sahara, har ana ƙera igwa a Zindar. Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar da ta dogara da bindiga. Sarkin Kano Alu, wanda ake wa laƙabi da Maisango, shi ma ya ba 'yan bindigarsa muhimmanci. Ana cikin haka aka rufe ƙofa.

1890 da 1903

Ranar 2 ga Yuli 1890, manyan ƙasashen duniya suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Burasal, babban birnin Beljiyam. An ce don hana cinikin bayi aka yi ta. A cikinta aka shata wani yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, wanda ƙasar Hausa gaba ɗaya ta faɗa ciki, aka hana sayar wa mutanensa bindigogin saiti, wato masu tsaga a bututu da masu ɗuri ta baya. Abin da aka bari a sayar shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba, amma doka ta riga ta raba duniya gida biyu, masu saiti da masu hayaƙi.

Sakamakon ya bayyana a ƙasarmu ta Zamfara. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi kiciɓis da wata 'yar ƙaramar tawagar sojan Turawa kusa da Kwatarkwashi. Laftanar Wallace Wright ne ke jagorantarta, da sojoji 44. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, dawaki suka yi ta kawo hari ana zubar da su, har Waziri ya faɗi. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Kuma mafi yawan waɗanda ke cikin sahun baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Abin da ya raba su da 'yan'uwansu shi ne irin bindigar da ke hannunsu da watannin da suka yi ana koya musu saiti. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato, ranar 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi.

Ga shekarar da muka ce a riƙe. A 1903 ɗin da ake buɗe wa leburan Ingila wuraren koyon saiti a bayan masana'anta, a cikinta aka murƙushe masarautunmu da wannan ilimi. Daga nan saiti ya koma bariki. Talaka aka bar shi da bindigar toka, ta farauta da korar birai daga gona da buɗa ranar Hawan Sallah.

Sunan da ya sauya ma'ana

Dokar makamai ta 1959, wadda Nijeriya ke aiki da ita har yau, ta gaji wannan tsari. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na soja da ƙananan bindigogin hannu sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta da na wasa, har da bindigar iska, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki kuwa, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Wanda bai kai shekara 17 ba ba ya samun lasisi. Bindigar yarinyar bidiyo tana cikin kashi na biyu.

Doka ta tsare ƙofar gaba, makamai suka shigo ta baya. Bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, bindigogi suka malalo Sahel, rikicin manoma da makiyaya da satar shanu a Zamfara suka rikiɗe suka zama abin da muke ciki. Kakanninmu in sun ce 'yan bindiga, bayin sarki suke nufi masu buɗa a gaban doki ranar Sallah. Yau ba sai an fassara wa ɗan shekara biyar kalmar ba. Tsakanin 4 da 6 ga Janairu 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. A watan Yunin shekarar Gwamna Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, aka yi maganar raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A duk cacar bakin, muhawarar a kan wa zai riƙe bindiga ta tsaya. Wa zai koyar, a wane fili, da wane littafi, wa zai ƙirga harsashi, waɗannan ba su sami shiga ba. AK-47 tana iya zazzage harsashi 30 cikin daƙiƙa uku, mai ita bai san inda ko ɗaya ya faɗa ba. Bindigar zamani ta iso mana, tarbiyyar da ke tafiya da ita a wasu wurare ba ta biyo ta ba.

Dalma

Akwai abu guda da ɗan Bagega ya riga yarinyar bidiyo sani. Ƙwayar harsashin .22 dalma ce.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Zinare ya yi tsada, mutane suka riƙa kawo duwatsu gida suna niƙawa a injin niƙan hatsi, ashe duwatsun cike suke da dalma, irin dutsen nan mai ƙyalli da ake tozali da shi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da maƙwabtansu, dubbai suka kamu. Bagega ce mafi girma, ita ce kuma ta ƙarshe da aka tsaftace. Likitoci ba sa fara ba da maganin da ke janye dalma daga jini sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, don in yaro ya koma cikinta an yi aikin baban giwa. Sai da Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money suka tayar da gangamin ceto Bagega a intanet, tare da matsin wasu ƙungiyoyi, kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a Janairun 2013. A shekarar aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Wuraren harbi na ƙasashen waje suna fama da wannan guba. Duk harbi yana tayar da ƙurar dalma daga ƙwaya da kuma sinadarin leɓe, tudun bayan takarda kuwa yana tara ta shekara da shekaru. Saboda haka ake gargaɗin masu gasa kada su ci abinci a wurin, su wanke hannu da sabulu, su canja tufafi kafin su rungumi 'ya'yansu. Duk wanda ya zauna a Bagega bayan 2010 ya san wannan karatu, don shi aka yi ta yi wa masu haƙar zinare. Wancan kulob ya koye shi daga littafi, mu a maƙabarta muka koye shi.

Amsar da muka ba shi

Mun gaya wa ƙaninmu gaskiya. E, wasa ne, kuma na masu natsuwa. Abhinav Bindra, wanda ya ci wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Olamfik a 2008, da bindigar iska ya ci a nisan mita 10, inda maki 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Da irinta yawancin masu koyo ke farawa, kuma yanzu akwai na'urorin atisaye da ke bin motsin bakin bindiga su zana shi a kwamfuta ba tare da an harba komai ba, balle a tayar da ƙura.

Amma mun ce masa hanyar ba ta bi ta hannun mai sayarwa a ɓoye ba. A Zamfarar yau, saurayin da aka gani da bindiga ba lasisi, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko ɗan wasa ne, jami'in tsaro ko ɗan sa-kai ko mutanen daji. In yana so da gaske, sai ya bi ta hukumar wasanni da lasisi da fili mai tudu a baya da malami, ko da hakan na nufin jira sai ya fita karatu birni.

Kafin nan akwai abin da doka ba ta hana shi ba. Mun ce ya sami ɗaya daga tsofaffin maharban garin ya roƙe shi ya koya masa baka. Ya kafa buhun ƙaiƙayi a jikin ganuwar da ba kowa a bayanta, ya auna taku ashirin, ya saki kibiya biyar. Ya sayi littafi mai bango arba'in ya rubuta rana, da inda iska ke kaɗawa, da inda kowace kibiya ta faɗa. Kada ya damu da tsakiya tukuna, ya duba ko sun taru.

Bayan mako biyu ya turo hoton shafin farko. Kibiya uku a buhu, ɗaya a ganuwa, ɗaya kuma ya rubuta a gabanta: "Ban san inda ta tafi ba." Muka ce masa kada ya sake harba wata sai ya nemo ta.